Shafin Durgu na Malam Inuwa

Malam Inuwa bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, amma a shafin kajin da muka buɗe a intanet babu wanda ya kai shi yawan rubutu. Shi yake faɗa, ni nake bugawa. Don haka abin da ya sami kajinsa da yatsuna goma a ciki, ba sai wani ya tuna min ba.

Sunana Zaituna. Shekara tara na yi ina buga takardu a ofishin wata masaƙa da ke Challawa, kuma Malam Inuwa ne ya kai ni, don abokin mahaifina ne tun suna samari. Ni Baba nake ce masa, sauran jama'a su ce Malam. Mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim. Ya shigo Kano da ƙuruciyarsa, ya fara da dako a wani kamfanin alawa a Bompai, daga baya ya dawo masaƙar aka sa shi a sashen boila, tukunyar nan da ke ba injuna tururi. Shekara ashirin da biyu ya yi a gaban wutar nan. Gajere ne, baƙi, da ɗan gemu, da wani keke da ya girmi rabin ma'aikatan kamfanin. Ba ya dariya a banza, ba ya kuma faɗa. In ya yi magana sau ɗaya ya gama, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin wanda ya ce masa a'a ba. Ba wai tsoronsa ake ji ba. Rabin mutanen layinmu a Panshekara shi ya nema musu aiki, sauran rabin shi ya karɓo musu aure, to da wane bakin za ka musa masa?

Ranar da zai baro ƙauye, mahaifiyarsa ba ta da abin ba shi sai kaza da zakara a cikin kwando. Durgu ne, irin kajin nan masu guntayen ƙafafu da in suna tafiya sai ka ce a zaune suke. Nasa jajaye ne masu ɗan tukku a ka. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, gonar gado an raba an sayar, ɗakinta ma ruwa ya cinye shi. Abin da ya rage masa na wajenta kaf a duniya shi ne zuriyar kazar nan, a bayan gidansa, cikin akurkin da ya gina da hannunsa. Bai taɓa faɗin adadinsu ba. In ka tambaya sai ya ce alhamdu lillahi. Ni dai na ƙirga a ɓoye wata rana yana watsa musu tsaba, arba'in da uku. Kowace ya san uwarta, ya san kakarta. 'Ya'yan cikinsa kuwa sai ya kira sunan uku kafin ya faɗa kan wanda yake nema.

A 2004 aka rufe masaƙar. Ba wani taro aka yi ba, takarda aka liƙa a bakin ƙofa, ni ma na buga ta. Kowa ya kama gabansa. Ado, wanda yake gyaran injin saƙa, ya sayi babur ya shiga acaɓa. Ashafa, mai kula da sito, shi ne ɗan bokonmu mai difloma, ya buɗe shagon intanet a Sharaɗa da kwamfuta shida da wani janareto mai tarin tsofaffi, ya ɗauke ni ina buga wa mutane takardu. Malam bai nemi wani aiki ba, don ya haura sittin. Ya koma wa kajinsa gaba ɗaya. Ƙarfe shida ya buɗe akurki, ƙarfe shida ya rufe, ko minti biyar ba ya ƙarawa, kamar har yanzu akwai mai duba katin shigarsa aiki.

Shafin kuwa daga zaman banza ya samo asali. Bayan hayaniyar murar tsuntsayen nan ta 2006, kowa a gari maganar kaji yake yi. Wata rana ba kwastoma, Ashafa ya shiga intanet yana duba irin kajin duniya. Ya tarar Turawa sun rubuta nasu ɗaruruwa, kowace da sunanta da hotonta da tarihin kakanninta. Da ya nemi namu sai ya ga an tattara su duka a layi biyu, wai kajin ƙauye. Wallahi yadda Ashafa ya harzuƙa sai ka ce ubansa aka zaga. A ranar ya buɗe shafi na kyauta, irin wanda duk mai kalmar sirri zai iya shiga ya yi rubutu, ya kuma gyara na wani. Ya tara tsofaffin ma'aikatan masaƙa masu kiwo, mu goma sha biyu har da Malam, ya yi mana bayanin doka. Ya ce duk wanda ya ga kuskure ya gyara nan take, ba neman izini, ba duba fuska, kuma wannan ita ce duk hikimar abin. Kowa ya gyaɗa kai, Malam ma ya ce tsari ne mai kyau.

Duk Asabar bayan la'asar ake haɗuwa. Su jeru a benci, ni ina gaban kwamfuta, mai magana ya matso. Muka buɗe wa fingi shafi, mai gashin nan a hargitse, muka buɗe wa dogayen kajin Fulani, da mai sanƙon wuya, da durgu. Wake-wake kuwa, mai ɗigon baƙi da fari, Asabar uku aka yi ana musu a kan ko iri ce ko launi ne kawai, har mutum biyu suka daina gaisawa na ɗan lokaci. Tsakanin sa'annin juna dokar Ashafa ta yi aiki fiye da yadda ake so. Abin da Ado ya faɗa a kan kajin Fulani sau huɗu Ashafa yana goge shi, Ado yana sa ni ina mayarwa. Hotunan ma ba a magana. Da wayar Ashafa ake ɗauka, kaza kuwa ba ta tsayawa hoto. Akwai wanda ya fi wata shida a shafin fingi, ba komai a cikinsa sai ƙafar Ado da ɗan jela a gefe.

Duk da haka abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wani mutum daga Maraɗi ya rubuto ya ƙara mana bayani, wani Bahaushe a Kumasi ya ce tun rasuwar kakarsa bai sake jin an ambaci fingi ba. Ashafa ya buga wasiƙun a takarda ya liƙa a bango, kusa da sanarwar hana kallon abin banza.

Shafin durgu na Malam ne, kuma shi ya fi kowane tsawo. Mutumin nan ya san kaza. Ya faɗi ƙwai nawa take yi kafin ta shiga kwanci, da yadda za ka gane uwa ta gari tun tana sagara, wato tun ba ta fara ƙwai ba, da dalilin da ya sa durgu ba ta tsallake katanga ta je ta ɓata wa maƙwabci shanya. Ya faɗi yadda ake zuba musu toka su yi birgima saboda ƙwari. Duk Asabar kafin a fara komai sai na karanta masa shafinsa daga farko har ƙarshe, yana zaune ido a rufe, in na tsallake kalma ya ɗaga yatsa. Tun da aka rufe masaƙa ban ga abin da ya faranta masa rai kamar wannan ba. Har ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya ba kowannenmu sagara ɗaya daga cikin durgunsa, da zakara guda da za a riƙa zagayawa da shi gida gida. Ya ce in mutum zai rubuta abu, ya rubuta yana kallonsa.

To, sai wata Asabar a watan Nuwamba na 2007, sanyi ya fara shigowa, Malam ya matso kusa da ni ya ce in ƙara layi uku. Ya ce in rubuta cewa durgu ba ta kamuwa da annobar sanyi, ba ta buƙatar rigakafin ɗigo, ɓawon maɗaci a ruwan sha ya ishe ta.

Annobar da yake nufi ba murar tsuntsaye ba ce. Tsohuwar annobar nan ce da muka tashi muka tarar, mai zuwa duk shekara, kaza ta yi ta gyangyaɗi, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, kwana biyu a share akurki. Kuma tana kama durgu. Kowa a shagon ya sani. Ado ya ga ta cinye durgun gidan mahaifinsa, ni na ga na gwaggona a Kumbotso. Abin da ya tsare na Malam ba irinsu ba ne. Gidansa ne na ƙarshe a layi, katangarsa doguwa, kajinsa ba sa fita, baƙuwar kaza ba ta shiga. Shekara talatin da wani abu cutar tana wucewa ta ƙofarsa, shi kuma yana gode wa maɗaci.

Yatsuna suka tsaya a kan madannai. Na dubi Ashafa, mai doka, sai na ga ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama. Na dubi Ado, Ado ya tuna yana da fasinja a bakin titi. Sauran kowa ya sami abin dubawa a takalminsa.

"Kin gaji ne?" in ji Malam.

Na ce a'a Baba, kwamfutar ce take nauyi. Na buga layi ukun, na karanta masa, ya ce madalla.

Yana hawa kekensa shagon ya kaure. Kowa ya zama jarumi. Ashafa ya ce wannan kuskure ne babba, dole a gyara, sai dai shi mai shago ne, in ya gyara zai zama kamar yana nuna iko. Ado ya ce shi rubutunsa ba kyau, kamar da alƙalami ake yi. Suka juyo kaina, wai ai ni 'yarsa ce, zai fi ji daga bakina. Na ce don ni 'yarsa ce shi ya sa ba zan iya ba, mutumin da ya yanka ragon sunana? Ga shi shafin yana nuna sunan duk wanda ya taɓa rubutu, ga shi Asabar mai zuwa sai an karanta masa. Aka yi ta jefa wa juna har aka kira magariba.

Kun san abin da muka yi a ƙarshe? Kowa ya rubuta a ƙarƙashin layukan cewa haka ne, Malam ya yi gaskiya, Allah ya ƙara sani. Wai don kada shirunmu ya sa ya zargi wani abu. Ashafa, da yake ya fi mu zuciya, ya ƙara da cewa wasu masana suna ganin rigakafi ba ya cutarwa. Ran Juma'a ya goge ƙarin nasa. Suna goma sha ɗaya reras, nawa ne na uku.

Washegarin Asabar ɗin kuwa, ran Lahadi, muka yi wa namu rigakafin. Shi maganin nan a 'yar kwalba yake zuwa, ɗaya ta ishi kaza ɗari biyu, sai an riƙe shi cikin sanyi, in an fasa kuma awa biyu ya lalace. Ba mai kajin da zai shanye kwalba shi kaɗai, dole a haɗu. Ado ya je cikin gari ya sayo, ya sa a fulas ɗin shayin matarsa da ƙanƙara, ya bi mu gida gida a kan babur, a kama kaza a ɗiga mata a ido a saki. Durgun da Malam ya ba mu su aka fara yi wa. Hanyar da ta fi kusa daga gidana zuwa gidan Ashafa ta ƙofar Malam take bi, amma Ado ya zagaya ta bayan makarantar firamare, ya ƙara kusan kilomita biyu. Da aka gama, fiye da rabin maganin ya ragu, Ado ya tuttular a kwata.

Abin ya tsaya min a rai, ba zan ce bai tsaya ba. Ran Talata na shirya na tafi gidan, na sami Inna Mairama, matarsa, tana tankaɗe. Na ce ko za a sayo wata kwalbar a zuba musu a ruwan sha ba da saninsa ba. Ta dube ni kamar na ce a saci limamin unguwa. Ta ce shekara arba'in tana gidan nan ba ta taɓa sa hannu a akurki ba, ruwan ma shi yake ɗebo musu da kansa. Ta ce mu da muka yi boko mu faɗa masa mana, ga shi can a baya. Na ce to, yanzu kuwa.

Na zagaya na same shi a kan turmi a kife, kajin sun kewaye shi. Ya nuna min wata tsohuwa mai ɗingishi, ya ce wannan kamarta ɗaya da wadda aka sa masa a kwando, har tafiyar. Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi sanyi, ya ce sanyi lokacinsa ne. Na tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Na ce to dama wucewa nake na ce in leƙo. Ni Zaituna, da kwandastan mota ba ya cin canjina ya kwana lafiya, ni da na taɓa tsayar da manaja a tsakiyar ofis, na tashi na kakkaɓe zanina na fito. Na ji haushin kaina har gida, amma ban koma ba.

Babbar Sallah ta zo a cikin Disamba. Ana jibi Sallah surukin Malam ya kawo masa gaisuwa, da wani ƙaton zakara da ya saya a kasuwa. Kyautar suruki ba a mayarwa, ga kuma naman layya na tafe, ba wanda zai yanka zakara. Aka ɗaure shi a gindin akurki a kan sai bayan Sallah. Kwana uku ya fara gyangyaɗi.

Sauran kuwa, Inna Mairama ce ta ba ni labari daga baya, don mu muna can muna suyar nama ba mu san me ake ciki ba. Ta ce ranar farko biyu suka mutu, Malam ya ce ba durgu ne zalla ba, akwai gauraye a jininsu. Ya jiƙa maɗaci har ruwan ya yi baƙi. Washegari shida. Ya ƙara barkono, ya riƙa buɗe bakinsu yana ɗura musu ɗaya bayan ɗaya. Ya hana a yanka ko ɗaya a ci, duk wadda ta mutu ya haƙa rami a bayan katanga ya binne. Tsohuwar mai ɗingishi ita ce ta ƙarshe, a cinyarsa ta cika. Kwana tara aka yi, rana ta goma ya buɗe akurki ƙarfe shida kamar kullum, ya tsaya yana kallon ciki, ya mayar ya rufe.

Ta ce abinci ya gagare shi, ita ta ɗauka baƙin cikin kajin ne. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ce mata ya yi ya hallaka dukiyar mutane da bakinsa. Gida goma sha ɗaya sun amince da maganarsa, sun sa hannu a ƙasa, yanzu duk akurkinsu ya zama irin nasa, kuma kunyarsa ce ta hana su zuwa su faɗa masa. Ya ce ba zai kwana da hakkin mutane ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau keke, ya tafi neman gafara.

Gidan Ado ya fara zuwa. Ya yi sallama, Ado ya fito, Malam ya cire hula ya fara ba da haƙuri, yana cewa shi ne sila, Allah ya mayar da alheri. Yana cikin magana sai ga durgun Ado ta fito daga soro, ja mai tukku, da 'yan tsaki bakwai a bayanta, ta ratsa ta tsakaninsu ta wuce abinta. Ado ya ce ikon Allah, shi ma abin yana ba shi mamaki. Malam ya ce masha Allahu, ya mayar da hularsa.

Gida na biyu haka, na uku haka. Wani ya ce sa'a ce, wani ya ce addu'ar Malam ce. Ashafa, ɗan boko, ya yi masa bayani mai tsawo a kan cewa iskar ɓangarensu ta bambanta da ta ɓangaren Malam, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar minti goma a ƙasa ba. Malam bai musa wa kowa ba. Bai kuma fasa ba, ya bi gidajen nan kaf, ko'ina ya tarar da durgunsa suna tonon ƙasa cikin ƙoshin lafiya.

Gidana ne na ƙarshe. Kafin ya iso Ado ya kira ni a waya yana haki, ya ce Malam na hanya, in ɓoye kajin. Kuma don Allah ku ji wauta, na ɓoye. Na kama su biyar, uwar da 'ya'yanta da suka tasa, na kifa musu kwando a ɗakin girki na ja ƙofa. Mijina ya yi wa Malam iso, na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, na kawo ruwa. Bai sha ba, bai kuma ba ni haƙuri irin na sauran gidajen ba. Ya ɗan karkata kai wajen ɗakin girkin.

"Fito da su, Zaituna, hayaƙi zai dame su."

Na fito da su. Ya miƙa hannu, uwar ta zo da kanta. Ya ɗaga ta, ya duba ido, ya buɗe fiffike, ya shafa ƙirjin, ya ajiye ta a hankali.

"Ɗigo aka yi musu?"

Na ce e, Baba.

"Yaushe?"

"Washegarin ranar da na buga muku maganar."

"Ku duka?"

"Mu duka."

Ya kalli kajin. Sannan ya tambaya ko maganin ya ishe mu. Da na yi ƙarya a nan ba wanda zai kama ni, amma na gaji. Na ce ya isa har ya ragu. Ya ce ragowar fa? Na ce an zubar.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Na fara kuka, na ce ku yi haƙuri Baba, wallahi kunyarku muka ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a boila in allurar ma'aunin tururi ta haura, wanda ya gani shi yake ihu, ko da jiya aka ɗauke shi aiki, kuma shi bai taɓa jin haushin wanda ya yi masa ihu ba. Ya tashi ya sa takalmi, ya yi wa mijina sallama, ya ce a gaida yara.

Asabar ta zagayo, ba wanda ya zaci zai zo, sai ga shi a kan lokaci. Ya zauna kusa da ni, ya ce ba sai na karanta daga farko ba, in je wajen layi ukun. Ya ce in goge su. Na goge. Ya ce in goge sunayen da ke ƙasa, don kada wani a Maraɗi ya ɗauka mutanen banza ne suka rubuta shafin. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, masu sunayen suna zaune a benci. Sannan ya ce in rubuta: durgu tana kamuwa da annobar sanyi kamar kowace kaza. Nawa arba'in da uku sun mutu cikin kwana tara. A yi musu ɗigo kafin sanyi, kada a haɗa su da kazar kasuwa. Inuwa, Panshekara. Shi ne karo na farko da na ji adadin daga bakinsa. Na karanta masa, ya ce daidai, ya bi kowa ya ba shi hannu, ya fita. Bai sake taka shagon ba.

Mu kuma muka yi shawara, muka ga ai abin da sauƙi, tunda irin bai ƙare ba. Kowane gida ya fitar da mafi kyawun durgunsa, aka haɗa goma sha ɗaya da zakaran nan na zagaye, Ado ya ɗaure kwanduna biyu a babur, muka ɗunguma gidan Malam. Ashafa har jawabi ya shirya. Malam ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura, ya saurari jawabin har ƙarshe, ya yi mana addu'a mai tsawo. Muka fito muna cewa alhamdu lillahi, dattijo dai dattijo ne. Ni har barci mai daɗi na yi.

Da hantsi sai ga Inna Mairama a ƙofata, da kaza a hammata. Tawa ce, ita ɗin dai da na kai. Ta ce tun safe take zagaye, shi ya ware su da kansa, ya faɗa mata wadda za ta kai kowane gida, kuma ko ɗaya bai kuskure ba. Na ce Inna, me ya ce? Ta ce cewa ya yi a gode mana, mu riƙe, a hannunmu suka fi lafiya.

Bayan wata biyu, da Malam ya wanke akurkin ya bar shi ya sha rana, ya je kasuwa ya sayo kaji huɗu, gama-gari, ba iri ba asali, irin waɗanda ko a shafinmu ba su da suna. Su yake kiwo yanzu. Kafin sanyi ya shiga yakan ɗauki fulas ya hau mota zuwa cikin gari, ya sayo kwalba guda ta kaza ɗari biyu, ya ɗiga wa nasa, ya bi maƙwabta yana sallama ko akwai mai so. Gidajenmu ne kawai ba ya shigowa da fulas ɗin, ya san mun iya.

Durgun mahaifiyarsa suna nan a gidajenmu, sun yi yawa har muna ba wasu. Nawa yanzu sun fi ashirin, jajaye masu tukku, kuma duk safiya in na watsa musu tsaba sai raina ya ɓaci. Malam bai ƙaurace mana ba. Yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza, da mijina ya kwanta asibiti shi ya fara zuwa dubiya. In mun haɗu a hanya yakan tsaya ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Kajin ne bai taɓa tambaya ba.